Kwaɗi Uku a Cikin Damisa

A shekara ta biyu da kafa Jihar Kebbi, ana tsakiyar bazara, aka tsinci damisar gandun daji a mace a bakin wani busasshen tafki kusa da Argungu. Ita kaɗai ta rage a gandun. Hodi mai gadi ne ya gan ta, ya hau keke ya kai labari. Kafin azahar Zayyanu, malamin daji daga Birnin Kebbi, ya iso a kan babur da takardar ƙara a aljihu.

Wanda ake zargi shi ne Tamba, Sarkin Baka, don shi da maharbansa kaɗai ke shiga gandun. Tun kakanni suna da rantsuwa: gada da barewa da zomo nasu ne, amma ba a ɗaga wa damisa baka. Saboda rantsuwar nan ma'aikatan daji suke kau da kai daga farautarsu.

"Baba, kotu za mu," in ji Zayyanu. "Wanda ya kashe damisa a gandu, gidan yari ne makomarsa."

"Ni da furfurata, Malam?" in ji Tamba. "Shekara arba'in muna gamuwa da su bisa hanya, in kauce su wuce. Duba jikinta. Ina kibiya? Ina harsashi?"

Hodi ya juya ta da hannu ɗaya, sai ya ja da baya.

"Subhanallahi! Wagga ko akuyar gidanmu ta fi ta nauyi."

Babu rauni ko ɗaya, sai haƙarƙari da ake iya ƙirgawa.

"To guba ce," in ji Zayyanu. "An sa mata a nama."

"A buɗe cikinta gaban kowa. In an iske nama, ɗaure ni da rawanina. Amma ni ba ni sa mata wuƙa."

Hodi ya yi bisimilla ya tsaga. Mutanen da suka taru suka matso suna toshe hanci. Ya fito da laka cikin tafin hannu, sannan kwaɗi uku, sannan wani abu dogo, baƙi, duk an tattaune shi.



"Kwaɗi?" in ji Zayyanu can ƙasan maƙoshi. "Damisa?"

Tamba bai kula kwaɗin ba. Ya durƙusa ya ɗauki dogon abin, ya goge shi da gefen riga. Tsirkiyar fata ce ta tarko, da ƙulli biyu a kai, irin ƙullin da mahaifinsa ya koya masa.

"Tawa ce," ya ce. "Jinin gada ta ji a jiki, shi ya sa ta ci."

Ya zauna daɓas a ƙasa. Tafkin nan bai taɓa ƙafewa ba a ƙuruciyarsa, ga shi shekara uku a jere yana bushewa tun kafin bazara ta yi nisa. Ruwa ya rage a kududdufi ɗaya tak, duk namun gandun suka koma sha a can. Can maharba suka mayar da tarkunansu.

"Mun zaci nama ya ƙaru," in ji Tamba. "Har walima munka yi, Malam. Walima!"

"Yaushe rabonku da kama gada, Sarki?" in ji Hodi.

Tamba ya fara lissafin watanni da yatsu, ya kai na bakwai, ya tsaya.

Zayyanu ya ciro takardar ƙarar, ya dube ta, ya ninke ta huɗu.

"Ba ka kashe ta ba, Baba. Doka ba ta kama ka ba. Tafi gida."

Tamba bai tashi ba.

"Tarko nawa ke bakin kududdufin yanzu?" in ji Zayyanu.

"Talatin da shida."

Ya miƙe da ƙyar, tsirkiyar na hannunsa, ya bar hanyar gida ya nufi kududdufin. Hodi ya bi shi a baya. Ɗaya bayan ɗaya suka tone tarkunan, kowanne yana nan a ɗane yadda aka bar shi, ko sawun zomo babu kusa.