Ciwon Kafaɗar Gogo Kyauta

"To, wa za ta yi mata wanka?"

Malam Sada liman ne ya yi tambayar daga zaure. Matan da suka cika tsakar gidan kowa ta sunkuyar da kai. Yahanasu na tsaye riƙe da moɗa, ruwan da Gogo Kyauta ta ce a kawo mata ke nan, har yanzu ta kasa ajiyewa.

Abin ya zo babu sallama. Da hantsi tsohuwar nan tana bakin danga tana yi wa akuyar Yahanasu tas don ta ci mata yakuwa. Ban da ciwon kafaɗar da take kuka da shi tun farkon damina, lafiyarta ƙalau. Bayan azahar ta zauna tsinkar tafasa, ta ɗaga murya ta ce ƙishirwa take ji. Kafin Yahanasu ta ɗebo ruwa ta ratso ƙofar da ke tsakanin gidansu da na tsohuwar, Gogo ta jingina da bango, ganye a cinya, rai ya yi halinsa.

Gogo gwaggon Ya'u ce, mijin Yahanasu. Shekara arba'in ita ke wanke gawar matan wannan unguwa ta Dutsin-Ma, kuma babu wanda ya taɓa tunanin wa zai wanke ta. Inno, ɗaya matar da ta iya, tana Kurfi wajen jegon jikarta. Gulbi ya kawo, mota kuwa sai ranar kasuwa.

"Ba za ta kwana ba, maza sun tahi haƙa," in ji liman. "Yahanasu, ke ce ta jikinta."

"Malam, wallahi ban iya ba. Ko tsayawa ban taɓa yi ba."

Gaskiya ta faɗa. Sau nawa Gogo ke leƙowa ta ce, "Taho ki riƙe mani ƙwarya, ɗiyar nan," amma Yahanasu ba ta rasa uzuri. Yau tuwo a wuta, gobe ciwon kai. Mace ce wadda ko makara aka ratsa da ita ta ƙofar gida sai ta kwana uku tana firgita. Yanzu kunya ta fi tsoron yawa. Matar da ta suturta iyayen kowa, ita ce za a kai da wankan kame-kame.

Liman ya ce zai tsaya bayan zana yana faɗa mata, ita kuwa tana yi. Hassana maƙwabciya ta yarda za ta zuba ruwa, amma fa ba za ta taɓa ba. Suka shiga ɗakin da aka kwantar da ita. Yahanasu ta durƙusa.

"Ki fara lulluɓe ta daga ƙirji zuwa ƙasa," in ji liman.

Ta riga ta lulluɓe.

"Ki naɗa tsumma a hannun hagu."

Tsumman na hannunta. Kafin ya ambaci alwala ta kai gwiwar hannu. Ta tsefe kitson, ta kirɓa ganyen magarya a ruwa, ta tallafi kafaɗa ta juya ta a hankali, dama tukuna. Hassana ta tsaya da ƙwarya, baki buɗe.

"Ke da kika ce ba ki iya ba? Ina kika koya?"

Yahanasu ta dubi hannuwanta. Kowace Juma'a tun farkon damina ita ke yi wa Gogo wanka, wai kafaɗa ta hana ta ɗaga hannu. Kuma ba a zaune ba. Sai Gogo ta miƙe samɓal a tabarma ta runtse ido, ta saki jiki kamar buhun gero, bakin kawai ke aiki. "Mi ya kai ki hagu? Dama ake farawa." "Kada ki yaye mani zane, ki cusa hannu ta ƙasa." "Sau ukku na ce, ba biyu ba." Yahanasu ta sha komawa gida tana gunguni, tana ce wa Ya'u tsufa ya fara taɓa gwaggonsa. Alhali mai ciwon kafaɗar nan ita ke jan guga da kanta kowace safiya, kuma ko sau ɗaya Yahanasu ba ta haɗa biyun ba.

"Ashe lafiyar kafaɗarta lau," ta ce a hankali. "Ashe kwanciyar yau take yi mani."

"Mi kika ce?" in ji liman.

"Ba komi, Malam. Je ka zauna, na san sauran."

Sai a lokacin hawaye suka zo, amma hannun bai tsaya ba. Ta yi wanka na biyu, ta yi na uku da turare. Ta tsane jikin, ta kama gashin gida uku ta mayar baya. Hassana ta fita karɓo alawayyon likkafanin da maza suka yanka.

Ɗakin ya rage su biyu. Yahanasu ta kife ƙwaryar, ta ci gaba da durƙuso, kunnenta a karkace wajen bakin Gogo, tana jira a faɗa mata inda ta yi kuskure. Ruwan na bin gefen tabarma yana fita ta rariya, da ɗan ganyen magarya a kansa.