Kafson Inna

A watannin annobar nan, hannuna ya fi bakina aiki. Mutum zai shigo yana tari, ni ina bayan tebur da takunkumi biyu a fuska, kafin ya gama zama na rubuta masa kafso, maganin kashe ƙwayoyin cuta. Na san yawancinsu mura ce, kuma kafso ba ruwansa da mura. To amma layi har bakin ƙofa, kowa a tsorace, ni ma haka. Likitar da ke ɗakin kusa da nawa takan ɓata minti goma tana lallashin mutum ya koma gida ya huta. Muka sa mata suna Mai Wa'azi.

Inna mahaifiyata kuwa ta waya nake duba ta, don na hana kaina zuwa gidanta kada in kai mata cuta. Da ta ɗan yi tari sai ta kira.

"Likita, ƙirjin nan ya fara."

"Inna, mura ce, za ta wuce."

"Kai dai aiko mini da kafson nan. Ko ni ma sai na bi layi?"

Sai in aika. Sau biyar na aika cikin wata bakwai. Tunda na kasa zuwa in zauna kusa da ita, ba na iya ce mata a'a.

Karo na shida ba mura ba ce, ciwon huhu ne. Kwana huɗu tana kwance a asibitinmu ana ɗura mata magani, zazzaɓi ko gezau. Mai Wa'azi ce ta karɓo takardar gwajin majina, ta miƙo mini. Na bi sunayen magungunan da yatsa. Ƙwayar cutar ta daina jin su, kuma na saman jerin su ne waɗanda nake aika wa Inna. Guda ɗaya ya rage a ƙasa, shi ma mai gwajin bai ba da tabbaci ba.

"Shi za mu gwada," in ji Mai Wa'azi. Da zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Na shiga wurin Inna. Ta janye robar iskar daga hancinta, ta kamo hannun rigata.

"Likita, maganinsu ba ya yi mini komai. Kawo mini irin naka, shi jikina ya saba da shi."

Na mayar mata da robar. Na ce, "To, Inna."