Reshen Rumman a Cikin Kwalba

Ranar Litinin ce, ta farkon hutun makaranta, aka tashi da yayyafi tun da sassafe, irin wanda ba ya tsananta kuma ba ya ɗaukewa. Malam Ganye ya isa kwalejin da kafaɗarsa a jiƙe, domin laimarsa ta daɗe da karyewa ta gefe ɗaya. Ɗalibai ne suka laƙaba masa wannan suna, saboda ba ya shiga aji sai da ganye a hannu. Ya koyar da ilimin halittu har kansa ya yi fari, har abokan aikinsa ma sun daina tuna sunansa na asali.

An tara malaman kimiyya ne daga makarantu daban-daban, a koya musu yadda za su kai aikin ɗakin gwaje-gwaje cikin aji, yara su taɓa da hannunsu maimakon kallon zane a allo. Mai horaswar wata matashiya ce, ba ta fi sa'ar 'yarsa ba, kowa Dakta yake ce mata. Ta ɗaga wata ƙaramar kwalba ta nuna musu. A ƙasanta akwai wani abu daskararre mai haske, wanda ta ce abincin shuka ne, an dafa shi da sukari da sinadaran da tsiro ke buƙata. A tsakiyarsa ga ɗan tsiro kore shar, yana tsaye abinsa. Ta ce daga gutsuren reshe ya fito, gutsuren da bai kai farcen ɗan yatsa ba, kuma ba sai da manyan injuna ake yin haka ba. Tukunyar tururi mai murfin kulle, akwatin roba a kwance ta gefe, hantsaki, reza, ruwan bilic mai kashe ƙwayoyin cuta, da ƙaramar fitilar sipirit sun isa.

Sai dai akwai doka ɗaya da ta fi sauran. Sukarin da ke ciyar da tsiro shi ke ciyar da fumfuna da ƙwayoyin cuta, kuma su sun fi shi saurin ci. Don haka muddin kwalba tana buɗe, takunkumi yana kan fuska, baki kuma a rufe. Ba magana, ba tari, ba dariya.

Ɗakin ya ɗauki dariya, domin kowa a ciki da baki yake cin abinci. Dogo, malamin kimiyyar sinadarai da suke makaranta ɗaya da Malam Ganye, ya ce wa Dakta in dai wannan ce dokar to ta sallami tsohon nan tun yanzu ya kama hanyar gida, domin ko barci yake yi yana bayanin yadda ganye ke numfashi. Malam Ganye ya ce ai gara shi, in ya yi magana ana fahimta, Dogo kuwa tsawonsa kaɗai yara suke tunawa.

Don su gani da idonsu, Dakta ta ba kowa faranti biyu masu murfi da abincin nan a ciki. Ɗaya a bar shi a rufe, ɗaya a buɗe a yi masa magana. Kafin mako ya ƙare, duk farantin da aka yi wa magana ya fito da ɗige-ɗige fari da rawaya da baƙi. Malam Ganye ya daɗe yana kallon nasa. A wajen gwajin hannu kuwa ya fi kowa natsuwa. Ya wanke, ya ƙona bakin hantsaki, ya dasa, ya rufe, bai ce uffan ba. Dakta ta yaba masa a gaban jama'a, Dogo ya ce lalle duniya ta zo ƙarshe.

Abin da ba wanda ya sani a ɗakin shi ne, tun ranar farko hankalinsa yana kan bishiyar rumman da ke tsakar gidansa. Matarsa ce ta dasa ta a shekarar da suka tare a gidan. Tun da ta rasu bara, bishiyar take ja da baya. Gara ta shiga saiwar, ganye ya zube, rassa suka bushe ɗaya bayan ɗaya. Ya yanki wasu ya kafa a ƙasa da cikin gwangwani, babu wanda ya kama. Yanzu saura reshe ɗaya tak mai rai, siriri kamar tsinken ashana, tsawonsa bai wuce tafin hannu ba. Auta, 'yarsa da ta rage a gabansa, wadda ke aiki a shagon magani, kowace safiya sai ta tsuguna ta duba shi kafin ta fita.

Ranar rufe horon ya tsaya har kowa ya watse, ya tambayi Dakta ko rumman zai yi. Ta ce zai iya yi, amma itace yana da taurin kai, gara ya fara da na'a-na'a ko dankali a gaban yara, abin da in ya lalace za a samu wani. Da ya gaya mata ko wane rumman ne, sai ta ajiye abin da ke hannunta.

"Baba, in haka ne ka yi shi kai kaɗai. Ka rufe ƙofa, ka kori kowa."

Ya gode mata. Amma kwalba goma kacal aka ba kowace makaranta, kuma don yara aka bayar. Ya juya maganar a ransa har hutu ya ƙare, ya kasa ganin yadda zai kulle kansa a ɗaki ya cinye rabon ɗalibai a kan bishiyar gidansu. In rumman zai shiga kwalbar nan, to a gabansu zai shiga, ya zama darasinsu. Auta ba ta so ba. Ta ce a bar reshen a jikin uwarsa, wataƙila Allah ya yi ikonsa. Ya kai ta gindin bishiyar, ya danna ɓawon da yatsa, yatsan ya shige ciki kamar a soso. Ta juya ta shiga ɗaki. Da safe ya tarar ta ajiye masa sabuwar reza da auduga a kan takalminsa.

Ya yanke reshen ya tafi da shi makaranta. Ajin ya cika har da 'yan wasu azuzuwa da suka saci jiki. Ya goge akwatin robar da sipirit, ya kunna fitila, ya wanke reshen a ruwan bilic, ya ɗauraye da tafasasshen ruwa da ya huce. Ya rubuta dokar da manyan baƙaƙe a allo, ya ja takunkumi ya rufe fuska. Ya yanki gaɓar farko, ya buɗe kwalba, ya dasa, ya rufe. Ya yi ta biyu. Shirun da ajin ya yi ya dame shi. Tun da ya fara koyarwa bai taɓa tsayawa gaban yara yana aiki bakinsa a rufe ba, sai ya ji kamar yana ɓoye musu wani abu.

Yana riƙe da gutsure na uku sai wata yarinya ta ɗaga hannu daga layin baya. Ya san ta. Shekararta ta biyu ke nan a ajinsa, ba ta taɓa tambaya ba, ko sunanta aka kira ciki-ciki take amsawa.

"Malam, me ya sa a nan kake yankawa, ba can tsakiya ba?"

Ya fara ba ta amsa, ta kama kunne alamar ba ta ji. Takunkumin yana danne muryar, kuma shi a duniya ba abin da ya tsana kamar a ce layin baya bai ji ba. Bai san lokacin da ya ja shi ƙasan haɓa ba. Ya ce su matso. Ya nuna musu ɗan idon da ke ɓoye a hammatar ganye, ya ce a cikin wannan ɗan abin da ba ka gani sai ka ƙura ido akwai bishiya guda a naɗe, da rassanta da furanninta, tana jiran a ba ta dama. Yarinyar ta sake tambaya. Wani ma ya tambaya. Kawuna suka taru a bakin akwatin, yana yanka yana dasawa yana bayani, kwalba bayan kwalba. Ƙararrawa ta kaɗa, ba wanda ya motsa. Ya hango Dogo ta taga yana ɗaga masa hannu yana shafa haɓa, ya ɗauka gaisuwa ce, ya gyaɗa masa kai ya ci gaba.

Sai da ya je wanke hannu ya ji takunkumin a wuyansa. Dogo na tsaye a bayansa, kuma a karon farko tun da suka san juna bai tsokane shi ba. Ya miƙo masa tawul kawai, ya taya shi jera kwalaben a kan kanta, inda haske ke shigowa amma rana ba ta bugawa.

Ba a ɗau lokaci ba farin gashi ya fara fitowa a kwalba ta biyar, kamar an ɗiga auduga. Sai ta uku, sai ta tara, sai sauran suka bi. Yara kan zo lokacin hutun tara su tsaya a gaban kantar suna kallo. Duk wadda ta lalace sai ya sa ta a tukunya ya dafa kafin a buɗe, kamar yadda aka koya masa, kuma ya bayyana musu dalili ba tare da ya ɗora wa kowa laifi ba. Yarinyar layin baya ta zo ta tsaya kusa da teburinsa tana murza gefen littafinta, ta ce ita ce ta jawo. Ya ce mata in ta kuskura ta daina tambaya a ajinsa, to a ranar za su yi faɗa na gaske.

A gida ya kasa faɗa. Bishiyar ta bushe ƙurmus bayan an yanke reshen, Auta kuma kullum sai ta tambaye shi yaya 'yan kwalba. Sai wata yamma tana guge rigar aikinta, ya zauna a bakin ƙofa ya gaya mata komai, har da Dogo da shafar haɓa. Ta tsayar da dutsen guga. Ya jira ta ce ai ta faɗa masa. Ta daɗe tana kallon rigar, sai kafaɗunta suka fara motsi, ya rasa gane kuka ne ko dariya, ashe duka biyun ne.

"Baba, Mama da kanta ta kasa rufe bakin nan. Takunkumin roba ne zai iya?"

Ta tuna masa ranar da aka kwantar da Mama a asibiti, likita ya ce a bar ta ta huta, shi kuwa ya zauna yana yi mata bayanin yadda ruwan da ake ƙara mata ke shiga jini, har ta miƙo hannu ta toshe masa baki, ta kuma ƙi ɗauke hannun har barci ya ɗauke ta. Ya yi dariya, ya goge ido da bayan hannu. Ta tambaye shi ko duka sun tafi. Ya ce ta biyu ta yi baƙi, bilic ya yi mata yawa. Ta farko kuwa tana nan, ba fumfuna, ba motsi.

Washegari Auta ta nemi izini a wurin aiki ta bi shi makaranta. Ta sunkuya a gaban kantar, ta sa tafin hannu ta kare hasken taga. A hammatar gutsuren da ke kwalba ta farko akwai wani ɗan kore da bai kai kan allura ba. Ya buɗe baki zai yi bayani, ta ɗago ta dube shi, ya tuna kwalbar a rufe take, amma duk da haka ya ja da baya taku biyu kafin ya yi magana.

Ya kira Dakta a waya. Ta ce kada ya yi saurin murna, saura fitar saiwa, saura komawa ƙasa, kuma da yawa a nan suke mutuwa. Ta ce in lokacin sauya kwalba ya yi, ya ba wani ɗalibi hantsakin, shi ya koma bakin allo ya yi ta surutunsa daga can. Ya ce ya ma san wadda zai ba.

A ƙarshen makon aka kira mai gatari, domin Auta ta ce gara za ta bi ta shiga ƙofar ɗaki. Bishiya ɗaya aka rasa a tsakar gida, da reshe ɗaya, da kwalba tara cikin goma: takwas fumfuna ta cinye, ɗaya bilic ya ƙona.