Ƙafar Farko a Gidan Tuyet

"Da takalminsa fa ya shigo! Da takalmi!" Muryar Tuyet har bakin lungu.

"Mama, sassauta, yau Tet, sabuwar shekara, ba a faɗa," in ji ɗanta Khanh.

"Kai za ka koya mini Tet? Ɗan banza!"

Ni Nhan, shekara arba'in ƙofata na kallon tasu, kuma kunnena lafiya lau. Kowa a Hanoi ya san wanda ya fara taka gidanka da safiyar sabuwar shekara, shi ke shigo maka da arzikinta ko tsiyarta. Shekara goma sha biyu ke nan Loc, yayan marigayi mijin Tuyet, shi ke wannan shigar, kuma da ita yake taƙama a unguwa.

Bana sai Khanh, mai zagayawa da 'yan yawon buɗe ido, ya kwaso Turawa shida, wai su ga yadda muke biki. Mu ne abin kallo! Ya jera su a bakin lungu, ya tsaya amsa waya. Wani dogo, da gani katantanwar bakin titi ce ta murɗa masa ciki, ya zo gabana yana matse ƙafafu. To ni zan bari ya taka mini gida? Na dai nuna ƙofar Tuyet da haɓa. Ban ce masa shiga ba.

Ana cikin hayaniyar sai ga Loc cikin kwat, gashi ya sha mai. Ya yi kiciɓis da Baturen yana fitowa daga bayi, yana goge hannu a wando. Na bi bayan Loc na shiga, tunda abin da ake gudu ya riga ya faru.

"Yaya, ka gani ko?" Tuyet har da ƙwalla. Sai ta juya ga Khanh. "Tambaye shi shekarar haihuwarsa, in san girman masifar."

Ya tambaya. A wurinmu kowace shekarar haihuwa da dabbarta, wasu na jituwa, wasu ba sa yi. Ta ƙirga a gaɓoɓin yatsu, ta sake ƙirgawa. Fuskarta ta washe.

"Ɓauna ne! Ni kuwa Kaza. Ai babu dacewar da ta kai wannan! Khanh, ba shi kujera mana."

Shayin da aka haɗa don Loc, da citta mai sukari, duk aka tura gaban Baturen. Shi ko sai washe baki yake, bai san hawa ba bai san sauka ba.

"Ni fa?" in ji Loc.

"Yaya, kai Kare ne. Kunya ce ta hana ni faɗa. Tun da ka fara shigo mana, rufin nan bai daina yoyo ba."

"Ni ke sa rufinki yoyo? Ni da na ƙi gida uku saboda ke? Baɗi ki aika zawo ya zaɓo miki wani!"

Ya fice, ya maka ƙofar har tokar turare ta zube a gaban hoton ƙanensa.