Taken Nomau

Lurwanu ya sauko daga mota a tashar Gidan Rumji, ya rataya jakarsa, ya kutsa kasuwa yana duban fuskoki.

Daga Jado ya taso, wurin haƙar zinariya. Can labari ya iske shi: 'yan bindiga sun shiga ƙauyensu, Kwarin Gawo, mutane sun watse, wasu sun yi Gidan Rumji. Lambar tsohonsa Nomau ba ta shiga. Duk wanda ya tambaya sai ya ce bai sani ba.

Shekarun da ya yi a rami, abu ɗaya ke mayar da shi gida: gangar noman Jaye, makaɗin ƙauyensu, da ya ɗauka a salularsa ranar wata gayya. Waƙar na kiran rijiyar gari, da gawon bakin hanya, da gonakin jigawa, kowace da sunan mai ita. Tun da labarin ya zo bai sake kunna ta ba.

Yana wajen masu hatsi ya ji ganga. Ya tsaya cak. Hannun Jaye ne. Kuma taken Nomau yake bugawa.

 A Kwarin Gawo, makaɗi ba ya buga taken mutum sai mai shi na gabansa. In mai shi ya rasu, sai taken ya koma kan babban ɗa. Lurwanu ne babban ɗa. Wato Jaye ya hango shi ke nan.

Ya bi sautin har gindin wani bedi. Tsohon makaɗin na zaune, ya rame, gangar a gabansa.

"Baba Jaye, ga ni. Yaushe ya cika?"

Jaye ya ɗago, ya ƙanƙance ido. "Wane ne?"

"Lurwanu."

"Na Nomau? Kai ne ka ƙone haka? Ni ban ma gan ka ba."

"To wa kake ma kiɗa?"

Jaye ya nuna da haɓa.

Bayan buhunan gero, wani tsoho ya ba su baya, yana ɗinke bakin buhu da basilla. Kafaɗarsa na bin kiɗan da ya tsaya, kaɗan-kaɗan. Lurwanu ya san wannan ƙeyar.

"Aikinshi ke nan yanzu," in ji Jaye. "In na ga shirun ya yi yawa sai in buga mishi, ya tuna yana da gona."

"Inna fa?"

"Tana nan da ƙannenka, bayan lakol, makarantar bokon nan."

Lurwanu ya ajiye jakar, ya zauna a ƙasa. 

Jaye ya dube shi, sannan ya gane. Ya yi dariya har da tari.

"Ka ɗauka naka ne? Kai da ka gudu ka bar hauya? Jira dai, yaro. Ba naka ba ne tukuna."

"Allah ya sa in daɗe ina jira."

"Amin."

Jaye ya jawo gangar, ya ɗora daga inda ya tsaya. Lurwanu bai tashi ba sai da taken ya kai ƙarshe, sannan ya kakkaɓe wandonsa, ya nufi buhunan.