Rigar Sanyin Tsoho Kuang

"Goggo Lanfen, kama ta kafin ta kai ga akwatin."

Lanfen ta ajiye tiren shayi, ta duƙa da ƙyar, ta cafko farar kyanwar a bakin ƙofa. A tsakiyar ɗakin akwatin gawar Tsoho Kuang yake, turaren tsinke na hayaƙi a gaban hotonsa. Jianping, ɗansa ɗaya tilo da ya iso daga birnin Shenzhen jiya, yana tsaye cikin fararen kayan makoki, gumi na bin wuyansa.

"Kin dai sani, in ta tsallake gawa mutane cewa za su yi mamaci zai tashi," in ji shi. "Ni ban yarda da wannan ba, amma dangin baba sun cika gidan. Zan sa a jefa ta a buhu a kai ta bayan kasuwar kifi."

"Sunanta Awara," Lanfen ta ce. "Kuma ba ta cin kifin kasuwa, babanka ya ɓata ta."

Ta wuce da ita gida, ta rufe ƙofa.

Bango ɗaya ne ya raba gidanta da na Kuang, bangon da ko tari aka yi sai an ji. Tun rasuwar mijinta suke gaisawa a lungu, ba su taɓa wuce gaisuwa da ɗan tsiya ba. Yakan ce kununta na shinkafa ruwan wanki ne. Takan ce kyanwarsa ta fi shi hankali. Amma ta san abin da yake yi duk ranar da hadari ya haɗu. Kafin tsawar farko zai ja tagoginsa, ya kunna rediyo a tashar waƙoƙin da, ya buɗe durowar kaya ya shimfiɗa tsohuwar rigar sanyinsa a ƙasanta. Awara ta shige cikin hannun rigar, shi kuma ya zauna a ƙasa ya jingina da ƙofar durowar.

"Ba a rarrashinta," ya taɓa gaya mata. "In ka rungume ta sai ta ɗauka da gaske duniya ce ke tashi. Zama kawai za ka yi kusa, kamar ba komai."

Abin da Lanfen ba ta taɓa gaya masa ba, ita ma takan jawo kujerarta jikin bangon nan idan ana tsawa, ta zauna tana jin rediyonsa har ruwa ya ɗauke.

A bikin sabuwar shekarar da ta wuce yana asibiti lokacin da aka fara fasa nokawut, abin nan na biki mai fashewa da ƙara kamar bindiga. Awara ta fice ta taga ta ɓace. Da aka sallame shi, ya yi ta bin lunguna cikin sanyi yana kaɗa kwanon abincinta, har ya same ta a cikin kwalbati. Daga nan tarin ya kama shi, bai sake shi ba.

Gobe da hantsi za a fitar da shi. Lanfen ta riga ta ga jajayen jerin nokawut da aka jibge a soro, waɗanda za a shimfiɗa tun daga ƙofarsa har bakin titi.

Da yamma ta tarar da Jianping a tsakar gida yana tara kayan mamacin da za a ƙona masa. Rigar na saman tulin, shuɗiya, gwiwar hannunta da faci, audugarta na leƙowa.

"Wannan zan ɗauka," ta ce.

"Haba Goggo. So kike ya ji sanyi a can? Wannan ce ya fi so."

"Riguna nawa ka aiko masa daga birni? Suna nan a ledarsu, ko maɓalli bai ɓalle ba. Ƙona masa su, ya yi ado sau ɗaya."

Kunnuwan Jianping suka yi ja. "Saboda kyanwa za ki hana mamaci rigarsa?"

"Je ka tambaye shi wanda zai zaɓa."

Ya ɗaga rigar kamar zai mayar cikin tulin, sai ya tsaya. Ya kai ta hancinsa. Ya daɗe a haka, kafaɗunsa na motsi kaɗan.

"Warin taba da kyanwa," ya ce. Ya miƙa mata ba tare da ya dube ta ba. "Gobe kina cikin na gaba a rakiyar gawa. Ke kika same shi ya rasu, ke kika kira ni."

"Ba zan fito ba."

"Mutane za su yi magana."

"Sun saba."

Da safe ta sa farar rigarta duk da haka, ta taje gashinta. Ta ja tagogi, ta toshe ƙasan ƙofa da tawul. Ta kwashe takalman da ke ƙasan durowarta ta shimfiɗa rigar. Awara ta shinshina ta tun daga wuya har ƙasa, ta yi wani ɗan kuka siriri, ta koma ƙarƙashin gado. Lanfen ba ta kira ta ba. Ta yi ta murɗa rediyon mijinta har ta samu tashar, sannan ta zauna a ƙasa, gwiwoyinta na ƙara.

Ta ji an ja benci a ɗaya gefen bangon. Ta ji maza sun haɗa murya sun ɗaga abu mai nauyi. Sai lungun ya ɗauka da ƙarar nokawut. Tagogi suka yi ta kaɗawa, warin hayaƙi ya shigo ta kafar ƙofa. Wani farin abu ya gifta ƙafafunta ya faɗa cikin durowar.

Hannunta ya tafi da kansa zai shafa, ta dawo da shi kan cinyarta. Ta tura ƙofar durowar har saura ɗan tsagi, ta jingina bayanta. Ta katakon tana jin rawar jikin kyanwar. A waje ana wucewa da Kuang ta gaban ƙofarta, taku da kuka da algaita duk sun cakuɗe da ƙarar, ita kuwa idonta na kan bango.

Ƙarar ta yi ta nisa, ta gangara wajen titi, ta koma kamar ana soya gyaɗa a wani gida. Mai waƙar rediyo ta gama, wata ta ɗauka.

Lanfen ta rage muryar rediyon ta saurara. Babu tari a ɗaya gefen, babu jan silifas. Ta ƙara muryar kaɗan fiye da yadda take buƙata.

Can sai wata farar ƙafa ta fito ta tsagin ƙofar durowar, da ɗan zaren auduga maƙale a farce, ta sauka a kan gefen rigarta ta tsaya a nan.