Wanda Ya Ɗaga Kan Ɗan Lungu

Ni ce malamar da aka ɗora wa darasin hana shaye-shaye a makarantarmu. Ba na tsorata yara da hotunan mahaukata. Nawa shi ne yaro ya san yana da daraja, don wanda ya san darajarsa ba ya sayar da ita a kan ƙwaya. Shugaban makaranta kuwa cewa yake ɓata lokaci ne, in ban nuna masa sakamako a taron iyaye ba, zai soke darasin.

Sakamakona shi ne wani yaro da ake kira Ɗan Lungu, saboda kullum yana maƙure a bayan aji kusa da kwandon shara. Ko sunansa ka kira, sai ya duba ƙasa. Amma a zangon nan yaro ya miƙe, yana ɗaga hannu, yana wanke takalminsa, har manyan aji suna gaishe shi. Wallahi har kaina ya kumbura.

Ranar taron na ja shi ɗakin gwaje-gwaje don mu maimaita abin da zai faɗa. Ta taga ina hango mahaifiyarsa a layin gaba, ta sha kwalliya, baki ya ƙi rufuwa. Na tambaye shi wa ya fara sa ya yarda da kansa, ina gyara mayafi, ina jiran in ji sunana.

Ya ce wani mutum ne mai zama bayan katangar makaranta. Shi ya ce masa yana da riƙon amana, ga kai, ga shi ba mai zarginsa. Shi ya ba shi aikin raba wa 'yan aji ƙwayoyi lokacin hutun tara. Ya buɗe gwangwanin lissafinsa ya nuna mini ƙwayoyin, a jere, ƙarƙashin rula.

Na zauna a kan kujerar ɗalibai. Tsoro ya kama ni, ga haushi. Da kyar na ce, "To ni fa? Ban yabe ka ba? Kullum ina yabonka!"

Ya dube ni ido cikin ido, yadda na koya masa.

"Malama, ke ai kowa kike yabo. Shi kuwa ni kaɗai ya zaɓa."